Kayan Kwalliya: Inda Tsada Ke Biya da Inda Arha Ta Wadatar

An ce arha ba ta ado. A harkar kayan kwalliya rabin maganar ce gaskiya. Akwai kayan da in kika sayi mai arha, fuskarki ce za ta tona miki asiri kafin rana ta take, akwai kuma waɗanda duk abin da kika ƙara a kansu kwali da suna kika biya. Ni matsayina a fili yake: in kuɗin da kika ware ba zai isa ki sayi komai mai tsada ba (wa ma yake isarta?), ki zuba mafi yawansa a fandeshan, wato shafin da ake fara yi wa fuska don daidaita launinta, sauran kayan ki bi su da lissafi.

Ki fara da sanin cewa yawancin sunayen da kike gani a jere suna gasa da juna 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin L'Oréal na Faransa shi ke da Lancôme mai tsada, shi kuma ke da Maybelline da ya saya a 1996, da NYX da ya saya a 2014. Estée Lauder na Amurka shi ke da MAC da Clinique da Bobbi Brown. Ban ce abin da ke cikin kwalaben iri ɗaya ba ne, domin ba haka ba ne. Amma ilimin da aka samu wajen haɗa mai tsada yakan gangaro kan mai arha bayan ɗan lokaci. Ban da wannan, kamfanoni da yawa ba su da masana'anta tasu. Suna ba da kwangila ne ga masu haɗawa irin su Intercos a Italiya, ko Schwan a Jamus da ya shahara wajen yin jagira da gazal, su kuma su buga sunansu a jiki.

To me ya sa na ware fandeshan? Saboda shi kaɗai ne ake so ya ɓace a fuska. Jambaki in ya ɗan sha bamban da abin da kika zata, launi ne dai, za a ce kin canza salo. Fandeshan in ya kauce wa launinki, kowa zai gani, kuma duk abin da kika ɗora a kansa ya tashi a banza. Launinsa daga 'yan sinadarai kaɗan ake haɗa shi: garin ƙarfe ja da rawaya da baƙi, sai wani farin sinadari mai suna titanium dioxide wanda shi ke sa ya rufe tabo. Matsalar mai duhun fata daga nan take farawa. In farin ya yi yawa, fuska ta yi toka-toka. In an tsananta baƙin don a samu duhu, launin ya mutu. In ja ya rinjaya, ki fito kamar an shafa miki jar ƙasa. Wata masaniyar sinadarai a L'Oréal mai suna Balanda Atis ta yi suna ne saboda ita da abokan aikinta sun shigo da shuɗin ultramarine cikin haɗin, suka samu launuka masu duhu da ba sa mutuwa a fata. Irin wannan aikin na ɗakin gwaji shi kike biya a kwalba mai tsada. A 2017 da mawaƙiya Rihanna ta fito da Fenty Beauty da launuka 40 a tashi ɗaya, sauran kamfanoni suka shiga faɗaɗa nasu, har da masu arha. Sai dai yawan launi a jere ba ya nufin akwai naki. Ki duba ko a cikin masu duhun an rarrabe masu ja a ƙarƙashi da masu ruwan zinare da waɗanda ke tsakani, ko kuwa uku kawai aka jefa a ƙarshen layi don a ce an yi.

Abu na biyu shi ne yadda yake zama bayan awa huɗu ko biyar. Fandeshan da yawa suna ƙara duhu ko su koma ruwan goro in sun bushe kuma sun gauraya da maiƙon fata. Shi ya sa gwadawa a bayan hannu ɓata lokaci ne. Ki shafa a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya, ki fita hasken rana ki duba, ki ba shi kamar rabin awa ki sake dubawa. In mai sayarwa yana ba da ɗan samfur ki karɓa, ki wuni da shi.

Wanda ni na tsaya a kai shi ne Double Wear na Estée Lauder, kuma ba na ɓoyewa. Fatata mai maiƙo ce, ga ni da saurin gumi, shi kuwa inda na ajiye shi da safe nan nake samunsa da yamma. Ba ya bin layin murmushi ya taru, ba ya komawa jikin waya in na amsa kira, kuma lambar launinsa tana gaya miki abin da kike saya: lamba ta farko zurfin duhu ce, harafin da ke biye kuma, C ko N ko W, shi ke nuna launin da ke kwance a ƙarƙashin fata. Ɗigo kaɗan ya ishi fuska, don haka kwalbar mililita 30 tana kai watanni masu yawa. In kin raba kuɗinta da yawan ranakun da za ki shafa, za ki ga tsadar ba ta kai yadda take tsorata ido a ranar saye ba. Yana bushewa da sauri, saboda haka gefe-gefe ake shafa shi, kuma sai da man goge kwalliya yake fita sosai. Mai fata mai gautsi ba nata ba ne, ta nemi mai ɗan danshi. Pro Filt'r na Fenty ya fi shi suna wajen launuka, amma ban ga ya ba ni dalilin sauya sheƙa ba. Na NARS da yawa masu sheƙi ne, ni kuwa sheƙi fatata na ba ni kyauta. In aljihu ya ƙi, Fit Me na Maybelline ba abin kunya ba ne, sai dai ki riƙe hoda a jaka.

Wani abu a gefe: kada ki ƙara kuɗi don an rubuta SPF, wato lambar kariya daga rana, a jikin fandeshan. Lambar da ake bugawa daga gwajin miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata take fitowa, kuma babu mai shafa fandeshan da kaurin haka. Man kariya daga rana daban ake sayensa.

Konsila, wato abin rufe tabo, mai arha ta wadatar, Pro Conceal na L.A. Girl ya daɗe yana yi wa masu sana'ar kwalliya aiki. Hoda ma haka, da sharaɗi ɗaya: ki gwada ta da filashin waya a ɗaki mai duhu. Wasu fararen hodoji masu silika da yawa ba a ganinsu a madubi, amma a hoto sai ƙasan ido ya fito fari fat. Wannan ba ruwansa da tsada, masu tsadar ma suna yi. Abin da zan ce ki guje wa shi ne hodar da ba a san wanda ya yi ta ba, domin garin talc da ake yin hoda da shi yana iya zuwa da asbestos, wani ma'adini mai illa ga lafiya, in ba a tace tushensa ba. A 2019 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tabbatar da samunsa a wasu kayan kwalliya na Claire's.

Maskara kuwa kada ki kuskura ki kashe kuɗi a kanta. Wata uku ake ba ta bayan an buɗe, domin kullum burushinta yana taɓa ido ya koma cikin bututu mai danshi da duhu, inda ƙwayoyin cuta ke jin daɗin zama. Wadda ta sayi mai tsada hannunta ba ya iya jefar da ita, sai ta ja ta wata takwas, in ta bushe ta ɗiga mata ruwa. Mai arha ta sanannen kamfani ki saya, lokaci ya yi ki yar ba tare da zuciyarki ta yi nauyi ba. Ki saba da duba ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da ake bugawa a jikin kaya, da 6M ko 12M ko 24M a ciki. Yawan watannin da kayan ke da su ke nan daga ranar da kika buɗe. Kafin ki sayi komai mai tsada ki tambayi kanki ko za ki cinye shi a cikin wannan wa'adin.

Jagira da gazal masu arha sun wadatar, na riga na faɗi cewa masu haɗawa irin su Schwan ne ke yi wa kamfanoni da yawa su. Man leɓe mai sheƙi, duk na duniya awa ɗaya ne ya gudu. Jambaki ki tara masu arha ki yi wasa da launi, in akwai guda ɗaya da kike sawa kullum, kamar yadda wasu ba sa rabuwa da Ruby Woo na MAC, wannan ɗayan ki saya mai kyau. Babban farantin aishado, wato launin fatar ido, mai launi talatin tarko ne, huɗu za ki taɓa. Burushi na gashin roba yanzu ya yi kyau sosai, wanke shi a kai a kai ya fi sunan da ke jikinsa muhimmanci. Gam ɗin gashin ido ne kaɗai a cikin ƙananan kaya ba na yarda a yi masa rowa. Da yawa suna ɗauke da latex, wato ruwan itacen roba, wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa, don haka ki karanta abin da ke ciki. Gam ɗin gashin kai kuwa kada ya kusanci idonki ko wa ya ce miki ya fi riƙo.

Yanzu ga inda na fi so ki buɗe kunne, 'yar'uwa. Tsakanin mai arha na gaskiya da mai tsada na gaskiya, mafi munin abin da zai same ki shi ne kwalliya ta ƙi zama. Haɗarin yana wajen na uku: babban suna a kan kuɗi kaɗan. Na taɓa karɓar kwalbar fandeshan daga wata mai sayarwa a intanet wadda ta rantse mini kai tsaye ta shigo da ita. Kwali daidai, murfi daidai. Abin da ke ciki yana warin fenti, kuma kafin mako ya zagayo ƙuraje sun jeru mini daga kunne zuwa haɓa. Ƙurajen sun warke da wuri, baƙin tabon da suka bari ne ya zauna watanni, domin duhun fata ba ya saurin mantuwa da rauni. Da na koma mata, ta rufe ni.

Wannan ba ƙaramar sana'a ba ce. A 2015 'yan sandan birnin Landan suka yi gangamin gargaɗi a kan jabun kayan kwalliya, suka ce gwaji ya nuna akwai guba irin su arsenik da makuri da dalma a wasu, har da kashin ɓera. A watan Afrilun 2018 'yan sandan Los Angeles suka kama jabun kaya na kimanin dala 700,000 a kasuwar Santee Alley, ɗauke da sunaye irin su MAC da NARS da Urban Decay da Kylie Cosmetics, aka samu ƙwayoyin cuta da najasa a ciki. Mai yin jabu duk ƙoƙarinsa a kwali yake ƙarewa, domin kwali kike gani kafin ki biya. Tsabtar wurin haɗawa da sinadarin da ke hana ruɓewa ba sa cikin lissafinsa.

Alamar farko farashi ce. Manyan kamfanoni suna yin rangwame, amma ba sa sayar da sabon kaya a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. Sai labaran da ake rakiyar jabu da su, waɗanda ba sa canzawa: wai na gwaji ne da ake ajiyewa a kanti, wai rarar masana'anta ce, wai kwalin ne ya ɗan lotse shi ya sa aka karya kuɗi, wai daga masana'anta ɗaya suke fitowa da na asali. Har ma akwai masu raba jabu daraja-daraja, su ce miki wannan mai kyan ne. Ki duba lambar haɗi da ake bugawa a gindin kwalba ko bututu, ta dace da ta jikin kwali. Ki shiga shafin kamfanin ki ga ko sunan launin da lambarsa suna nan, domin masu jabu sukan ƙirƙiro launin da kamfanin bai taɓa yi ba. Ki lura da rubutu mai dishi-dishi, harafin da ya ɓace, murfin da ba ya rufuwa da kyau, mai da ya rabu ya taso sama, jambaki mai warin kyandir. Zanen layukan da ake haskawa a wajen biya ba hujja ba ne, kwafarsa ya fi komai sauƙi. Hoton da mai sayarwa ta ɗora ma ba hujja ba ne, sau da yawa daga shafin kamfanin aka ɗauko shi. Ki ce ta ɗauko miki hoton gindin kwalbar da za ta aiko miki, ki ga yadda hirar za ta kasance.

Akwai kuma dabarar da ta fi wuyar kamawa: kwalba ta asali da aka sayi fankonta aka sake cikawa. Nan lambar haɗi za ta yi daidai, sai bakin kwalba mai datti da wari ne za su fallasa. Shi ya sa in na gama da kwalba mai tsada nake lalata ta kafin na yar. Yawancin manyan kamfanoni suna jera dillalan da suka amince da su a shafinsu, kuma ga fandeshan da duk abin da zai taɓa ido, daga nan kawai nake saye. Kwallin da ba shi da suna ko jerin abin da ke ciki shi ma yana wannan layi, domin an sha samun dalma mai yawa a irinsa, har Amurka ba ta yarda a sayar da shi a matsayin kayan kwalliya ba.

In kin shafa wani abu kika ji zafi ko ƙaiƙayi ko kumburi, ki wanke nan take, kada ki ce bari ki ga ko fata za ta saba. Ki ajiye kwalbar da kwalinta ki tafi da su wajen likita, musamman in ido ne. Kada kuma ki karɓi man da mai sayarwar za ta ba ki wai ya kwantar da ƙurajen, domin irin waɗannan mayuka sukan zo da maganin da ake kira sitiroyid, su lafar da abin na kwana biyu, su bar fatar ta yi siriri.