Dipole ko eriyar tsaye: kunne zai ji bambancin 2 dB?

Malam, ka ce kana da dipole, wato eriyar waya mai hannu biyu da ake miƙewa a kwance, a zangon mita 20 na masu rediyon sha'awa, an kuma kwaɗaita maka eriyar tsaye cewa ta fi ta da 2 dB (decibel, ma'aunin bambancin ƙarfin sigina) wajen tashoshin nesa, shi ne kake tambaya ko kunnenka zai shaida. Ya danganta da ƙarfin tashar da kake saurare.

A ma'aunin da IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ta tsayar a 1981, mataki ɗaya na mitar S, mai nuna ƙarfin sigina a jikin rediyo, daidai yake da 6 dB, wato ninki huɗu na ƙarfi. Ke nan 2 dB sulusin mataki ne kacal, ko ninki biyu bai kai ba, don sai 3 dB ake ninkawa. Idan tasha tana shigowa da S9, wato da ƙarfi sosai, ka juya makunni daga wannan eriya zuwa waccan, ba abin da za ka ji. AGC na rediyon, wato sashen da ke rage ko ƙara ƙarfi da kansa, zai daidaita muryar, ga shi sigina a gajeren zango tana hawa da sauka da 10 dB ko fiye cikin 'yan daƙiƙu. Mitar ma kada ka rantse da ita, rediyoyi da yawa ba sa bin ƙa'idar 6 dB ɗin.

Amma idan tashar tana can ƙasa, muryar na nutsewa cikin shuuu tana ɗagowa, nan 2 dB ke da daraja. Ita ce tsakanin ka kama lambar kiran mutum gaba ɗaya da ka tsinci haruffa biyu kana ta roƙonsa ya maimaita. A FT8, hanyar aika gajerun saƙonni ta rediyo da kwamfuta, abin ya fi fitowa fili: wajajen -21 dB, wato 21 dB ƙasa da hayaniya, ne iyakar abin da kwamfuta ke iya karantawa, ko saƙo ya fito a allo ko bai fito ba.

Su kansu eriyoyin fa? Ta tsaye, mai kusan mita 5, tana harba sigina ƙasa-ƙasa, abin da nesa ke so, amma sai an shimfiɗa mata wayoyi da yawa a gindi, in ba haka ba ƙasa ta shanye ribar. Sannan kwashe-kwashe gare ta: janareton maƙwabci, inbata, cajar waya, duk tana jawowa. Dipole mai tsawon mita 10, in ta samu sama da kyau, ta fi natsuwa a cikin gari. Idan eriya ta ƙara sigina da 2 dB amma ta ƙara hayaniya da 6 dB, wajen sauraro asara ka yi, ko da mita ta nuna ta hau.

Ni dai ba zan sauke dipole ba. Kafa ta tsayen kusa, ka sa makunni mai juyawa nan take, ka gwada a kan tashoshi masu rauni. In kana son hujja a rubuce, ka riƙa aika WSPR, siginar gwaji da tashoshin duniya ke kamawa su ba da rahoton ƙarfinta, da kowacce bi da bi na 'yan kwanaki, ka kwatanta rahotannin da tashoshi iri ɗaya suka dawo maka da su.