Kujerar Direba: Fata, Yadi, Ko Ka Kai Wa Mai Ɗinki?

In an je sayen mota 'yar Beljiyam, kowa inji yake buɗewa, a duba giya, a ƙwanƙwasa bodi. Kujerar da mutum zai wuni a kai daga Kano zuwa Abuja kuwa, sai kwankwaso ya fara kuka ake tuna ta.

Dillali zai fara nuna maka fata. Tana da kyan gani, kuma ko shayi ya zube tsumma ya wadatar. Amma ajiye ta a rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka dawo ka zauna: riga za ta manne maka a gadon baya. Yadi yana shan iska, sai dai ƙurar hunturu na shigewa cikinsa. Ni dai a yanayinmu yadi na zaɓa.

Abin da ya fi rufin muhimmanci shi ne soson da ke ciki. Mai laushi luɓus yana da daɗi a wurin ciniki, bayan awa biyu ƙugu ya nutse, baya ya lanƙwashe. Nemi mai ɗan tauri, wanda majinginarsa ke da tudu daidai kwankwaso. Danna gefen kujerar ta wajen ƙofa, nan ne ke fara mutuwa saboda shiga da fita. Ba banza ba tsofaffin direbobi har yau suke yabon kujerar Peugeot 406.

Sannan ka zauna sosai. Jingina bayanka, ka take kuloci har ƙasa. Gwiwa ta rage ɗan lanƙwasa. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka, in ba haka ba ƙafa za ta riƙa sagewa. Matashin kai ya zo daidai tsakiyar ƙeya. Cire walat daga aljihun baya kafin ka ɗora wa kujera laifi.

In ka riga ka sayi motar, shimfiɗar ƙwallayen katako mai kama da carbi tana rage gumi, amma ba ta tallafar baya. Gara ka kai wa mai ɗinkin kujera ya sake soso. Ka dai duba gefen majingina tukuna: in an rubuta SRS Airbag, akwai jakar iska a ciki, kada ka bari a ɗinke wurin da riga mai kauri.