Meru ko bar? Amsa ga Hajiya

Hajiya, kin tambaya wanne za ki saya don walimar cikin kifayen teku biyu, meru ko bar: meru za ki saya, in dai kin same shi ba a cire masa kai ba. Maganar da kika yi ta ko danginsu ɗaya da bar kuwa, ai ko a aji ina shan wannan tambaya daga ɗalibaina. Tsofaffin littattafai sun zuba su a gida ɗaya mai suna Serranidae, babban dangin kifayen teku da aka ƙiyasta yana da iri wajen 450. Daga baya masana suka cire bar ɗin Turai, Dicentrarchus labrax, suka kai shi dangin Moronidae. Shi ma meru, da yawa yanzu sun ware masa gidansa, Epinephelidae. Kamar ƴan uba ne da aka raba musu gado.

Ni a Dakar na fara cin meru, wanda suke kira cof, Epinephelus aeneus a littafi. Matar mai masaukina ta tsattsaga shi, ta cusa yaji da ganye a ciki, ta jefa cikin romon tumatir ya yi ta tafasa tare da kabeji da rogo. Na ce a raina wannan kifi ya gama narkewa. Ina! Da ta tsamo shi, yana nan ɓul, tsoka fara fat, tana ɓarewa falle-falle, ƙaya kuma manya ne da yaro ma zai zare da yatsa. Mu shida muka kewaye tire ɗaya, a kan kan kifin aka yi rigima. Shekara nawa ke nan, har yanzu ina jin ƙanshin. 

Bar kuwa na taɓa saye sau ɗaya, ban sake ba. Ba shi da laifi a gashi, amma ƙarami ne, galibi na kiwo daga Turkiyya ko Girka, kuma a miya yake watsewa. Kuɗin da na zuba bai ga ido ba.

Ki yi hattara da masu firigo. Duk farar tsoka da aka yanka aka daskarar, wani zai rantse miki meru ce, gobe ita ce dai zai kira kapitan, wani kifin daban. Kada ki karɓi yankakke. Meru jikinsa kauri, bakinsa wawakeke, haɓar ƙasa ta ɗan fito, ƙayar bayansa a haɗe take tun daga wuya, cof kuma yana da layuka fari-fari a kumatu. Bar siriri ne, launin azurfa, ƙayar bayansa kashi biyu. Ki danna tsokar, ki duba ido. Tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa, ga ɗauke wuta a Damagaram, kifin da ya narke aka sake daskarar da shi za ki ga ƙanƙara mai jini-jini a ledar.

In ba ki samu mai kai ba, ki ce a kawo miki giwan ruwa. Shi ɗan gidan Latidae ne, Lates niloticus, yana nan a Tabkin Chadi da kogin Kwara, kuma yana jure tafasa kusan kamar meru.