Kombo ko kai da akwati? Ra'ayina bayan na yi aiki da duka biyun a Legas

In ba ka da motar kanka a garin nan, sayi kombo. Amsar da nake ba matasa masu koyon jita ke nan duk sanda suka tare ni da tambayar wace irin amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, za su saya. Ina zaune a Agege, kuma yawancin aikinmu bikin aure ne da na suna a unguwannin mutanenmu, Idi-Araba, Mile 12, wani lokacin har Obalende.

Kombo ita ce amfilifayar da injin da lasifikar suke cikin akwati guda, da mariƙi a sama. Ɗayar kuwa a rabe take: kai, wato injin, daban, akwatin lasifika daban, sai ka haɗa su da waya.

Da kai da akwati na fara, na tokumbo, wato kwancen ƙasar waje, daga kasuwar Alaba da ke Ojo. Kan na bawul ne, wato 'yan kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti a cikin injin, mai wat 50, akwatin kuma lasifika huɗu ne masu inci 12, bayansa a rufe. Maganar sauti kam, sai dai a sara masa. Idan bawul ɗin ya ɗau zafi ka ɗan ƙara murya, akwai wata 'yar dusasshiyar amo mai daɗi da yake fitarwa, irin wadda ake ji a jitar mutanen Agadas. Rufaffen bayan akwatin yana tattara ƙarfin ya turo shi gaba, har kana jin ƙasan sautin a ƙirjinka. A fili, ƙarƙashin rumfa, mai ganga yana iya ƙoƙarinsa amma jitar tana fita tar.

Wahalar tana wajen kai shi inda za a yi wasan. Akwati mai lasifika huɗu, irin Marshall 1960 da kowa ya sani, ya haura kilo 35 shi kaɗai, ba a sa kan ba. Kwandastan danfo zai ce ka biya masa kujera biyu, mai keke zai kalle shi ya girgiza kai ya wuce. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, tafiyar ƙasa daga tasha ta ƙaru. Na hau gadar masu ƙafa ta Oshodi da akwatin nan, ni a gaba, ƙanina a baya, muna sauke shi bayan 'yan matakala kaɗan, jama'a suna ture mu. Da muka isa wurin bikin yatsuna sun sage, sai da na jima ina murza su kafin na iya danna tsirkiyar jita.

Sai kuma batun haɗi, wanda masu sayarwa ba su cika faɗa wa sabon shiga ba. Dole om ɗin kan, wato ma'aunin tirjiyar lantarki, ya dace da na akwatin, 8 da 8, 16 da 16. Wayar da ke tsakaninsu ta lasifika ce, ba irin ta jita ba, ko da yake bakinsu iri ɗaya ne. Kuma kai mai bawul ba a kunna shi akwati ba a jone ba, don taransifomar cikinsa na iya ƙonewa. To a gidan biki hannuwa sun yi yawa. Yaro zai zo da kyakkyawar niyya ya ce, "Yaya, bari in kama maka," ya zare waya injin yana kunne. Ga ɗanshin Legas da ke sa bakin waya tsatsa da damina, ga wuta da ake ɗaukewa a koma janareta ana tsakiyar kiɗa. Sitabilaiza ta zama dole, ita ma wani kayan ne na ɗauka.

Yanzu kombo ƙirar Boss Katana mai wat 100 nake riƙe da ita, lasifika ɗaya mai inci 12, nauyinta kusan kilo 15. Hannu ɗaya ita, jita a baya, in shiga babbar bas ta BRT in ajiye ta tsakanin ƙafafuna. Ba ta da bawul, don haka babu jiran ta yi zafi. Amsa-kuwwa da sauran kayan ƙawata sauti duk suna cikinta, na daina ɗaukar jakar feda, wato ƙananan na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa. Abin da ya fi shiga raina shi ne maɓallin rage ƙarfi: ana iya sauke ta zuwa wat 50, ko rabin wat. A gidan haya irin namu, ɗaki na kallon ɗaki, ina yin atisaye bayan sallar isha'i ba tare da maƙwabta sun ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kuma tana da mafitar da ake jonawa kai tsaye zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sauti ta tura wa manyan lasifiku. A bikin Legas da wuya ka rasa mai manyan lasifiku da aka ɗauko haya, don haka aikin amfilifayata kawai in ji kaina, sauran ƙarar kayansa ne za su kai wa jama'a.

Kowace kombo mai lasifika ɗaya da buɗaɗɗen baya tana da iyakarta. A fili inda babu bango, wani kaso na sautin yana zurarewa ta baya, ƙasan ya yi sirara. Nakan ɗora ta kan kujera in karkato ta wajen kunnena, ko in matsar da ita kusa da katanga, sai ta cika. Kuma in injin kombo ya samu matsala, gaba ɗayanta ke tafiya wurin mai gyara, alhali mai kai da akwati zai iya aron kai ya ci gaba da aiki. Kada kuma a ɗauka duk kombo mara nauyi ce. Fender Twin Reverb da Roland JC-120, masu lasifika biyu, kowacce ta doshi kilo 30.

Wanda nake ba shawarar kai da akwati shi ne mai wuri na dindindin: sutudiyo, coci, ko ƙungiyar da ke da bas ɗinta da yaran ɗaukar kaya. Nawa yana ɗakin atisayenmu, can nake jin daɗinsa, kuma ba ni da niyyar sayar da shi.

In za ka Alaba, tafi da jitarka da wayarka, kada ka gwada da ta shago. Juya bayan injin ka karanta lantarkin da yake ci, domin kayan tokumbo na Amurka volt 120 ne, namu kuwa 230, in ka jona kai tsaye ya ƙone nan take. Ka ce wa mai shagon, "Oga, bar ta a kunne," ku yi cinikinku tana aiki, don wata matsalar sai inji ya yi zafi take bayyana. Sannan ka ɗaga ta da hannu ɗaya ka taka zuwa ƙarshen layin shagunan ka dawo kafin ka tura kuɗi.