Lesin ɗin bayoloji na Agege, wata biyu ina zuwa

Gaskiya ranar farko na raina wajen. Ɗan ɗaki ne a saman bene kusa da layin dogo, benci huɗu da allo, ƙasansa kuma gidan biredi, to kana zaune ƙamshi na tasowa cikinka na ƙugi. Ƙawata ce ta ja ni don kwas ɗin ƙwayar halitta ya kusa kayar da ni.

Amma malamin nan ya iya koyarwa wallahi. Ranar da muka zo kan yadda yis ke tura furotin zuwa bakiyol, wata jaka da ke cikin ƙwayarsa, aikawa ya yi ƙasa aka ɗebo masa yis a leda, ya ce wannan da kuke kwaɓa fanke da shi, shi ne ya kai masanin kimiyya Schekman ga kyautar Nobel a 2013 da Ohsumi a 2016. Bakiyol ɗin ma'ajiya ce kuma wurin narka tarkace, cikinta tsami ne. Sai ya zana golji, wani sashe na cikin ƙwayar, ya ce ku ɗauka kasuwar Mile 12 ce, nan ake ware kaya. Furotin CPY buhun albasa ne, furotin Vps10 kuma ɗan dako, shi ke gane buhun ya kai shi tashar tsakiya wato endosom ya sauke, sannan wata tawagar furotin mai suna retroma ta dawo da shi golji ya sake ɗaukar wani, buhun kuwa ya wuce bakiyol, sai can ake datse masa wani ɓangare ya fara aiki. Shi furotin ALP ba ruwansa da tashar tsakiya, wata tawagar furotin mai suna AP-3 ke ɗaukarsa zuwa bakiyol kai tsaye kamar wanda ya yi shatar mota. Na ce malam to in ɗan dakon ya lalace fa? Ya ce ai sai CPY ya ɓata hanya a watso shi waje, da irin wannan yis mai matsalar aka gano ƙwayoyin gadon VPS. Abin da na yi sati uku ina hadda kamar aku, ranar ya zauna daram.

Matsalarsu zafi, fanka ɗaya ce, in an ɗauke wuta kuma janareton masu biredi ba ya barin ka ji komai, ga jirgin ƙasa in ya taso sai malam ya yi shiru ya wuce. Ba madubin ƙara girma ko ɗaya, komai a allo. Kuɗin ma da ɗan tsada ga ɗalibi, kuma yana yawan makara ran Asabar, kullum go-sulo ne uzurinsa.

Na dai riga na biya na wata mai zuwa, in za ki zo ki taho da mafici ki kama bencin gaba.