Kamfanin da ya ƙi kai mu gidan marayu a Kambodiya

Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin yabo da ƙorafi duka ina da su a kansa. Aikinsa shi ne shirya wa iyalai tafiyar aikin sa-kai zuwa ƙasashen waje. Mu Kambodiya muka zaɓa, garin Siem Reap, ni da maigida da yaranmu biyu: babbar tana sakandare, ƙaramin kuma yana tsakiyar firamare.

Kafin su karɓi ko sisi sai da suka nemi takardar 'yan sanda mai nuna cewa ni da maigida ba mu da tarihin laifi. Daga nan suka aiko da dokoki muka sa hannu: ba a ɗaukar hoton fuskar yaro, ba a keɓewa da shi, ba a ba shi kuɗi ko alewa, ba a karɓar lambar wayar kowa. Maigida ya yi ta ƙunƙuni wai neman biza ma bai kai wannan wahala ba. Ni kuwa a nan hankalina ya fara kwanciya da su, don duk wurin da zai buɗe wa baƙo ƙofa ya shiga cikin yara ba tare da tambaya ba, zai buɗe wa mugu ma.

Na tambayi jami'ar da ke kula da mu ko akwai gidan marayu a cikin shirin. Ta ce babu, kuma ba za a sa ba ko mun ƙara kuɗi. Dalilinta ba ra'ayi ba ne kawai. Wani bincike da ma'aikatar jin daɗin jama'a ta Kambodiya ta fitar a 2011 da tallafin UNICEF ya nuna gidajen marayu a ƙasar sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, alhali kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ke sa iyaye su miƙa ɗa, a yi musu alkawarin makaranta da abinci. Kuɗin baƙi masu tausayi kuma shi ke sa a ci gaba da buɗe sababbin gidaje ana neman yaran da za a cika su da su. Abin ya yi ƙamari har Ostireliya, a dokarta ta yaƙi da bautar zamani ta 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa irin waɗannan gidaje a matsayin nau'in bauta. A Disamban 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya ja hankalin ƙasashe kan illar aikin sa-kai a gidajen marayu.

Da idona na ga yadda kasuwar take. Wani mai tuk-tuk, wato babur ɗin nan mai jan keken fasinja, ya zaro takarda mai sheƙi daga aljihu ya miƙo mana: yara sanye da kayan rawar gargajiya, da lokacin da ake fara wasa kullum da yamma, da wurin ajiye gudummawa. Mutum ne mai fara'a, a ganinsa alheri yake nuna mana.

Inda kamfanin ya kai mu wata cibiya ce ta unguwa. Makarantun gwamnati da yawa a can rabin yini ake yi, wasu da safe wasu da rana, saboda haka yara kan zo cibiyar a ɗaya rabin su yi ƙarin karatu, su ci abinci, magariba kowa ya koma gidansu. Malaman 'yan ƙasar ne, da harshen Khmer suke koyarwa, kuma su ke da aji. Mu 'yan taya aiki ne. Maigida ya gyara bencina da tsofaffin kwamfutoci, ni na yi ta jera littattafai ina sa musu bango, babbar tawa kuma tana zama gefen malama ta maimaita kalmomin Turanci yara su bi ta. Wata rana wata 'yar ƙaramar yarinya ta riƙe gefen rigata ta ƙi saki. Kafin in sunkuya in ɗauke ta, malamar ta zo ta tsuguna, ta yi mata magana a hankali, ta kama hannunta ta mayar da ita wurin zamanta. Daga baya ta ce mini, "Ke za ki tafi, ni ce zan rarrashe ta." Ban ji daɗi ba a lokacin, amma gaskiya ta faɗa. Yaron da ake ta shaƙuwa da shi ana tafiya ana barinsa, a ƙarshe kowane baƙo sai ya maƙale masa, kuma masu aikin kula da yara ba sa ɗaukar wannan alamar lafiya.

Masauki da ɗauko mu daga filin jirgi duk ba laifi. Da na yi maganar abincin halal suka haɗa mu da gidan abinci na Musulmin ƙabilar Cham. Sun kuma gargaɗe mu cewa sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba.

To ga ƙorafina. Sun tallata shirin a matsayin na iyali duka, amma babu abin da suka tanadar wa ƙaramin yaro. Ɗana ya yi ta zaman kashe wando a cikin zafi yana tambaya, "Mama, yaushe za mu tashi?" har ya zama ni da babansa muna karɓa-karɓa wajen kula da shi, aikin da muka je yi ya ragu. Ziyarar Angkor Wat, wani tsohon wurin ibada mai tarihi, da suka sa a jadawali ashe ba ta cikin kuɗin: tikitin yini ɗaya dala 37 ne ga babba, yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ne kawai ke shiga kyauta idan an nuna fasfonsa. Sannan kamfanin da ya hana mu ɗaukar hoton yara, takardun tallansa cike suke da fuskokin yara suna murmushi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne batun kuɗi. Na nemi a nuna mini nawa ne ke isa cibiyar daga abin da muka biya, nawa ke tsayawa a ofis. Amsar da na samu ita ce "kaso mai tsoka". Na sake tambaya a rubuce, aka aiko mini da godiya. Mutum huɗu a jirgi zuwa da dawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma na san da cibiyar aka miƙa wa shi kai tsaye da ya fi bencinan maigida amfani. Saboda haka ina ganin haƙƙina ne in san inda ragowar ta shiga.

Iyalin da yaransu suka tasa, kuma wani a cikinsu yana da sana'ar hannu da cibiyar ta ce tana buƙata, za su iya gwada wannan kamfani. Mu dai idan za mu koma, ƙaramin zai zauna, kuma ba zan biya ba sai na ga lissafin a takarda.