Famfon shoka mai gejin psi 300 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne): yadda ya yi aiki a kan keken hawan dutse a Legas

Famfon ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon kamu ɗaya ba, da siririn tiyo, da geji, da maɓallin rage iska a ƙarƙashin gejin. Yana tura iska kaɗan-kaɗan amma da ƙarfi, kuma abin da shoka ke so ke nan. Injin mai faci da ke bakin titin Agege na taya ne. Bawul ɗin shoka da na tayar mota iri ɗaya ne, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma iskar injin tana zuwa da yawa a lokaci guda, ga danshi, kuma ba ta kai ƙarfin da shokar baya ke buƙata.

Kafin ka kashe kuɗinka, duba kan shokar gaba. Da yawa daga kekunan tokumbo sifirin ne a ciki, ba iska ba. In ka kwance murfin ba ka ga bawul ba, famfon nan ba shi da amfani a wurinka.

Lambar geji mafari ce kawai, lotsawar shoka ita ce alƙali. Buɗe makullin shoka gaba ɗaya, ka sa hular kwano da jakar ruwan da kake hawa da su. Wani ya riƙe maka kan keken, ka hau, ka ɗan girgiza, ka tsaya cak, a tura zoben roban da ke jikin sandar shoka ya taɓa sil, wato robar da ke bakin inda sandar ke shiga, sannan ka sauka a hankali ba tare da dannawa ba. Auna tazarar da zoben ya matsa. Gaba ana neman kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wato milimita 18 zuwa 24 a shoka mai tafiyar 120. Baya kashi 25 zuwa 30, kuma da tsawon tafiyar sandar shokar ake lissafi, ba na taya ba: mai milimita 50 ta lotsa kamar 13 zuwa 15. Idan daga fanko kake cikawa, duk psi 50 ka danna shokar a hankali sau goma, don iska ta ratsa zuwa ɗakin iska na biyu da ke cikin shokar. Wanda ya tsallake wannan zai ji shoka ta yi tauri kamar itace.

Ƙorafin da aka fi yi wa famfon, wai yana zubar da iska idan an cire shi, ban yarda da shi ba. Wannan “fiss” ɗin iskar cikin tiyo ce, bawul ya riga ya rufe. Ragin yana faruwa ne lokacin da ka sake ɗaurawa, domin sai shoka ta cika tiyon kafin allura ta motsa. Saboda haka kada ka riƙa ɗaurawa don dubawa kana tsammanin yoyo ne.

Aibinsa na gaskiya gejin ne. Layukan sun matsu, kuma shokar gaba ta mai kilo 70 galibi ba ta kai psi 100, don haka bambancin psi 5, wanda kake ji a hannu, da ƙyar ido ke kama shi. Maɓallin ragewa ma yana da saurin hannu. Taɓa shi rabi-rabi. Mai son daidaito ya nemi mai gejin lambobi.

Bayan ƙara iska, ka juya jan maɓallin da ke daidaita saurin dawowar shoka danna ɗaya ko biyu wajen rage gudu, in ba haka ba keken zai riƙa harba ka a ramukan damina. Idan lotsawa ta yi daidai amma shoka na lotsawa har ƙarshe tana bugawa, ƙarin iska ba shi ne magani ba, 'yan robobin rage filin iska ake sawa a cikin shokar. Yashin Lekki da iskar teku kuma suna cin sil, sai a goge sanduna bayan kowace fita, a canza man ƙafafun shokar gaba duk awa 50 na hawa kamar yadda kamfanin ƙera shoka na RockShox ke ba da shawara.